Wani Dattijo da Baffa Yake Dubawa

Roni, farkon damina

Zuwa ga Goggona, Malama Sadiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida da maƙwabta. Yaya ƙafar, ta yi sauƙi? Yaya ruwa a Babura, an gama shuka? Allah ya sa a yi damina mai albarka.

Na koma wa takarda ne don waya ta gagare mu. Shekaranjiya ina ta ihu ina ce miki ina Roni, kina tambayata wace Rabi. Tunda ke kika koya min rubutu, sai ki ci gajiyarsa. Mamuda direba zai miƙo miki wannan ranar kasuwa.

Abin da ya kawo ni shi ne yayanki, mahaifina Baffa. Matarsa Hajiya Amarya ce ta kira ni a Kano ta ce Baffa yana ramewa, tuwo ba ya wuce loma kaɗan, kuma yana daɗewa a bayi. Na ɗauki hutu a asibiti, na bar wa maigidana Halliru yara, na taho.

Tarbar da aka yi min kin santa tun kafin in faɗa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa bango, sannan ya tambayi Hajiya Amarya ko ta wajen Sadiyya ta ci abinci. Na haura arba'in, a Kano mutane suna miƙewa in na shiga ɗaki, amma a nan gidan har yau ni ce ta wajen Sadiyya. Ba ƙorafi nake ba. Ni ce 'yar fari, kunya ce ta gidanmu, ita ta sa tun daga yaye aka miƙa miki ni, kuma ban yi asarar komai a hannunki ba. Sai dai wannan karon kunyar ta tsaya a kan hanyar aikina.

Daga nesa nake duba shi, daga ƙofar madafa. Tafin hannunsa ya yi fari. In zai tashi sai ya dafa ƙugu. Buta ba ta hutawa. Ki gafarce ni da wannan magana, Goggo, amma ina zaton ciwon nan ne na maza dattawa da yake tare fitsari. In an tare shi da wuri akwai abin yi da yawa, in aka bar shi yakan zama wani abu dabam. Tambaya uku zan yi masa in san inda muke, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da 'ya za ta yi wa ubanta, balle 'yar fari. Na tura ƙanena Zubair ya yi masa maganar asibiti. Ya ce masa likitocin Kazaure duka ko dai shi ya karɓi haihuwarsu ko shi ya yi musu lamba, ba zai je ya ɗaga riga a gabansu ba.

Har yanzu kullum da safe yana zama a zaure mutane suna zuwa. Allura kam ya daina tun da hannu ya fara rawa. Yakan buɗe idon mutum, ya duba harshe, ya faɗa masa ƙofar da zai nufa a asibiti. Masu zuwa in sun ji ni ce 'yar Likita sai su tsare ni da labari, abubuwan da ke kin sani amma ni a Babura na tashi ban gani ba. Wai da ya gama karatu a Zariya aka turo shi, shi kaɗai ne likita daga Kazaure har Gwiwa, yana bin ƙauyuka a kan babur da akwatin ƙarfe a baya, yana dafa allurai a kan risho a ƙarƙashin bishiya. Wani tsoho daga Gwiwa ya naɗe hannun riga ya nuna min tabon lambar agana, yana nuna shi yadda ake nuna sabon agogo. Wata tsohuwa ta ce shekarar amai da gudawa randuna ya sa aka jera a filin makaranta, yana dama gishiri da sukari, yana bi da ludayi yana ɗura wa mutane, har ya kwanta a tsakaninsu don gajiya aka ɗauka shi ma ya kamu. Duk wanda ya gama labarinsa sai ya ce ai Likita ba ya ciwo. Nakan ce Allah ya ƙara lafiya.

Abin da nake tsoro ɗaya ne, kuma ke kaɗai zan faɗa wa. Kada mutumin nan ya mutu da ciwon da ake magancewa, ina zaune a cikin gidansa da takardar likita a jakata, saboda ni da shi babu mai iya buɗe baki.

Ki gaida kowa da kowa. Ki riƙa shan maganin nan bayan abinci, ba kafin abinci ba.

'Yarki,
Zulai


Roni, bayan noman farko

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Saƙon daddawa ya iso, na gode, Allah ya saka da alheri. Na kuma ga 'yar takardarki da kika ce in yi haƙuri, wai yayanki tun yana yaro haka yake. Na sani, Goggo, amma yana yaro ba shi da wannan ciwon.

An samu motsi, sannan na ɓata shi da bakina. Bari in faɗa miki daga farko.

Wata safiya bayan mutane sun watse, Hajiya Amarya ta zo ta ce Baffa yana son ganina a zaure, wai akwai wani mara lafiya da ya ɗaure masa kai, yana neman shawarar 'yar'uwar aiki. Na je na zauna a bakin ƙofar cikin gida, shi kuma yana kan kujerarsa yana fuskantar titi, ya ba ni ƙeya. Ya ce akwai wani dattijo da yake dubawa, shekarunsa sun kai tamanin, mutumin kirki ne amma da taurin kai. Daga nan ya jero min bayani yadda ake yi a zagayen marasa lafiya, babu abin da ya tsallake: yaushe abin ya fara, yadda fitsarin yake fita da ƙyar, ciwon ƙugu da yake sauka cinya, rashin cin abinci, ramar. Ɗalibaina da za su iya gabatar da mara lafiya haka da na huta.

Na gane, ya san na gane. Na gyara murya na yi masa tambayoyina a kan dattijon, ya amsa ɗaya bayan ɗaya yana kallon masu acaɓa suna wucewa. A duk rayuwata ban taɓa yin magana mai tsawon wannan da shi ba. Washegari ma aka kira ni, da ranar da ta biyo baya. Har ya fara kaucewa yana ba ni labarin yadda suke naɗe kurkunu a jikin tsinke a hankali, kullum ɗan kaɗan, da yadda babur ɗinsa ya taɓa maƙalewa a rafi a hanyar Amaryawa ya ƙarasa wajen mai naƙuda a kan jaki. Gaskiya na ji daɗi, kuma jin daɗin ne ya sa na saki jiki.

A zama na ƙarshe ya ce dattijon ya fara ganin jini. Hankalina ya tashi, na manta inda nake. Maimakon in ce tun yaushe ya fara gani, sai na ji bakina ya ce tun yaushe ka fara gani. Ka a maimakon ya, shi ke nan abin da na yi.

 Ya jawo takalmansa ya sa, ya ɗauki sanda ya fita masallaci, alhali rana ko tsaka ba ta yi ba. Tun daga ranar ba a sake kirana ba. In na gaishe shi yana amsawa kamar kullum, wato bango yake amsa wa. Jiya na ga Hajiya Amarya tana wanke masa wando a bayan ɗaki tana ɓoyewa, ban tambaye ta ba, launin ruwan ya ishe ni amsa.

Hutuna ya kusa ƙarewa, na rubuta a ƙara min. Halliru ya ce in ɗauko shi da ƙarfi in sa a mota, wai ai ubana ne. Halliru mutumin birni ne, Allah ya ba shi lafiya.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Zubaida da yaranta.

'Yarki,
Zulai


Roni, gero ya fara bununi

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya fama da jama'a? Mu nan ruwa ya yi yawa har katangar bayan gida ta zube, amma ba wanda ya ji rauni.

Hajiya Amarya ce ta fitar da ni. Muna tsinkar zogale na ba ta labarin kuskurena, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai wannan wasan ba sabo ba ne, shi ya ƙirƙiro shi, da shi ya yi aiki shekara da shekaru. A wancan zamanin mutum ba ya zuwa ya ce wa likita yana da ciwon sanyi ko wata larura ta ƙasan cibiya. Sai ya zo ya ce wani abokinsa ne a ƙauye yake fama da kaza. Mata kuma su ce wata maƙwabciya ce. Baffa bai taɓa ce wa ko ɗaya daga cikinsu kai ne ba. Yakan zauna ya yi tambaya a kan abokin da gaske, har ya jajanta masa. Ya ce a kawo fitsarin abokin a kwalba. In lokacin allura ya yi, sai ya ce wa ɗan aiken tunda kana cuɗanya da shi, kai ma miƙo hannu a yi maka ta rigakafi. Mutum ya sha allurarsa ya tafi da mutuncinsa, bayan mako ya dawo ya ce aboki ya warke yana gaisuwa. Ta ce da wannan dabara ya warkar da abokai fiye da yawan mutanen Roni.

Ni a makarantarmu an koya mana a kalli mara lafiya a ido a faɗa masa gaskiya. Har yanzu ina ganin hakan daidai ne a inda ya dace. Amma na tashi na wanke hannu na aika Hajiya Amarya ta ce wa Baffa ina tambayar jikin dattijon nan nasa, ko ya kwana lafiya. Ta dawo ta ce ya ce da sauƙi. Washegari na sake aikawa. Da aka kwana biyu sai aka ce in zo zaure.

Wannan karon na riƙe harshena kamar mai ɗauke da ƙwai. Na ce a ganina dattijon yana bukatar gwajin jini da hoto, kuma na'urar sai Kano. Ya ce dattijon ba zai je ba. Na ce na san irinsu, ba sa zuwa sai likitansu ya raka su. Na ƙara da cewa tsofaffi suna tsoron na'urar nan, don haka zai yi kyau shi Baffa, tunda sa'ansa ne kuma yana cuɗanya da shi, a fara gwada ta a kansa, ya ji yadda take, don ya kwantar wa mutumin da hankali.

 Daga inda nake ina ganin gefen fuskarsa kaɗai, kuma na ga kumatun ya motsa. Ya ce wannan shawara ce ta wanda ya san aiki, ya ji ta a wani wuri. Ya ce a gaya wa Zubair ya duba mai a mota.

Mun je Kano shekaranjiya mun dawo. Na kai shi wajen wani abokin aikina, mutumin kudu, wanda Baffa bai karɓi haihuwarsa ba kuma bai yi masa lamba ba. Ni na tsaya a waje. An ɗebi jini, an ɗauki hoto, an sa masa robar fitsari, kuma tun a hanya na ga ya saki fuska, har ya sa aka tsaya a Kazaure ya sayi tsire ya ci rabi. Ba wanda ya tambayi inda dattijon yake, kujerarsa a mota mun bar ta babu kowa. Sakamako sai mako mai zuwa, ni zan je in karɓo.

Kada ki tayar da hankalinki tukuna. In na sani za ki sani.

'Yarki,
Zulai


Kano, ana shirin girbi

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya. Ki zauna kafin ki karanta, ki kuma karanta ke kaɗai.

Ciwon daji ne, kuma ya riga ya shiga ƙashi. Da an gano shi shekara biyu ko uku baya, da wata magana ake. Yanzu tiyata ba ta da amfani. Akwai allura da ake yi duk bayan 'yan watanni da take rage masa gudu, akwai maganin ciwo, kuma zai iya zama a gidansa ya ci gaba da zaman zaurensa na wani lokaci. Na duba hoton sau da yawa ina neman inda abokin aikina ya yi kuskure, bai yi ba.

Ni na faɗa masa, a zaure, a wurin zamana na bakin ƙofa. Na gabatar da sakamakon dattijon yadda shi ya gabatar min da shi, ban rage komai ba, don na san in na rage zai gane kuma zai raina aikina. Ya saurara yana gyaɗa kai. Ya tambayi waɗanne ƙasusuwa ne, na faɗa. Ya tambayi sunan allurar, ya ce a zamaninsu babu ita, an ci gaba. Ya ce shi ma abin da ya yi zato ke nan tun bara, amma likita ba ya son ya yanke hukunci shi kaɗai. Sannan ya ce dattijon manomi ne, zai so ya san ko ya ajiye irin gyaɗa. Na ce girbin bana zai gani da yardar Allah, na baɗi kuwa ban sani ba, ilimina bai kai nan ba. Ya ce amsa ta yi, haka shi ma zai faɗa.

Na yunƙura zan tashi, ya ɗaga hannu. Ya ce saura tambaya ɗaya, ba ta magani ba ce, amma dattijon ya matsa a yi min ita. Wai mutumin yana da 'ya, ta fari. Shi ya zaɓa mata suna, shi ya raɗa mata shi a kunne, kuma tun daga ranar bai sake furta shi ba. Ranar da ta gama karatu ya je har bakin ƙofar wurin taron ya tsaya a cikin jama'a ya gan ta, ya juya ya hau mota ya dawo bai gaya wa kowa ba. Yanzu yana tambaya, a ra'ayina na likita, yana da sauran lokacin da zai jira kunyar ta sake shi da kanta, ko kuwa.

Goggo, na sha faɗa wa mutane mugun labari ban girgiza ba, aikina ne. Wannan kam na daɗe ina kallon tabarma. Sannan na ce a irin wannan ciwo ba ma ba da shawarar jinkiri. Ya ce zai isar.

Ya kwana biyu bai isar ba, ni kuma hutuna ya ƙare ba ƙari. Jiya da safe na yi sallama da Hajiya Amarya, na nuna mata yadda ake kula da robar da lokutan magani, na durƙusa a zaure na yi masa sallama, ya amsa wa bango kamar kullum. Na fita na buɗe mota. Sai na ji an ce Zulaikha. Ba Zulai ba, cikakkensa, da muryar da na sani amma ban taɓa jin ta da wannan kalmar ba, har na waiwaya wajen titi ina neman mai kiran. Yana tsaye a ƙofar zaure, ya dafa sanda, kuma ni yake kallo. Na ce na'am, Baffa.  Sai ya ce in kula da hanya, ruwa ya cinye kwalta bayan Kazaure.

Na ce to. Na ja mota na wuce duwatsun nan na bakin gari, na tsaya a gefen wata gonar dawa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna. Wani mai acaɓa ya tsaya ya tambaya ko mota ce ta lalace, na ce masa a'a, ya wuce.

Zan riƙa zuwa Roni duk ƙarshen mako, allurar ma ni zan yi masa, ya yarda. Ke kuma ki shirya, Zubair zai zo ya ɗauke ki ranar Juma'a. Kada ki ce sai an gama girbi, kada ki ce ƙafa. Yayanki yana tambayarki, kuma na riga na faɗa miki abin da na gani a hoton.

Ki gaida mutanen gida duka. Allah ya sada mu da alheri.

'Yarki,
Zulai